An tsallaka ƙasa da ɗanka ba da yardarka ba: abin yi tun daga ranar farko

Sau da yawa yaran da ake guduwa da su zuwa wata ƙasa, da sunan hutu ake fita da su. Uba ya ce zai kai yara Kano su gaida kakanni na mako uku, ko uwa ta ce za ta je bikin ƙanwarta ta dawo kafin a koma makaranta. Ranar dawowa ta zo ta wuce. Waya tana shiga ba a ɗauka, daga baya saƙo ya iso cewa an riga an sa yaran a makaranta a can. Dangi za su ce a yi haƙuri, maganar gida ce, manya za su zauna. Babu laifi manya su zauna, amma kowane mako da ya wuce yana ƙara wa wanda ya tafi da yaron ƙarfi a gaban alƙali, domin kotunan duniya ba sa son tumɓuke yaron da ya riga ya saba da wuri. Shi ya sa sulhu da shari'a tare ake tafiya da su. Wannan jagora ta fi karkata ga iyalan da ke tsakanin Ingila da Najeriya, sannan ta taɓo Nijar da Amurka. Duk inda aka ce “ka”, har da uwa ake nufi.

Tambayar farko: akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu?

Kafin ka kira kowa, gano wannan. A ranar 25 ga Oktoba 1980 aka ƙulla Yarjejeniyar Heg kan satar yara tsakanin ƙasashe, kuma sama da ƙasashe 100 sun shiga cikinta. Ta shafi yaron da bai kai shekara 16 ba. Manufarta guda ce: a mayar da yaro ƙasar da yake zaune a cikinta yau da kullum, kotun can ta yanke wanda zai riƙe shi. Alƙalin ƙasar da aka kai yaron ba zai shiga maganar wa ya fi cancanta da riƙo ba. Kuma “mazauni na yau da kullum” ba fasfo ke nuna shi ba. Inda yaro yake makaranta, inda likitansa yake, inda yake kwana yana tashi, nan ne mazauninsa.

Ingila, Amurka, Faransa, Jamus, Kanada da Turkiyya duk suna ciki. A Afirka akwai irin su Afirka ta Kudu, Maroko, Tunisiya da Burkina Faso. Najeriya ba ta ciki, Nijar ma haka, kuma Saudiyya, Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su ma ba su shiga ba. Jerin yana canzawa, don haka ka buɗe shafin hcch.net, ka nemi teburin ƙasashen yarjejeniyar 1980. Akwai wani tarko a nan: ƙasar da ta shigo daga baya, sai kowace tsohuwar ƙasa ta amince da shigowarta kafin yarjejeniyar ta yi aiki tsakaninsu. Ganin sunayen ƙasashen biyu a jeri bai wadatar ba, sai ka duba shafin amincewar.

Idan yaron bai fita ba tukuna

Wannan ne matakin da ya fi arha, ya fi sauri, kuma shi aka fi sakaci da shi. Alamun sukan bayyana: fasfon yaro ya ɓace daga aljihun tebur, an nemi takardar haihuwa ba dalili, an ajiye aiki, ana sayar da mota, ana tura kaya gida.

A Ingila, dokar satar yara ta 1984 ta mayar da fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga ƙasar laifi, ko da uwa ko uba ne ya yi, muddin babu yardar duk mai haƙƙin iyaye a kansa ko izinin kotu. Hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara bakwai. Togaciya ɗaya ce ya kamata ka sani: wanda kotu ta rubuta cewa yaro a hannunsa zai zauna, yana iya fita da shi na ƙasa da wata ɗaya ba tare da neman izini ba, sai in akwai odar da ta hana.

Idan kana ganin tafiyar cikin kwana ɗaya ko biyu ce, tafi ofishin ’yan sanda kai tsaye, ka nemi a saka sunan yaron a sanarwar tsare tashoshi, wadda suke kira fot alat. Tana isa filayen jirgin sama da tashoshin ruwa, tana aiki kwana 28. Za su tambaye ka hujjar cewa haɗarin na gaske ne kuma ya kusa, don haka tafi da hoton yaron na kwanan nan, hoton wanda kake zargi, lambar fasfo, da duk saƙon da ya nuna shirin tafiya. Kwana 28 ɗin nan dama ce ta zuwa kotun iyali. A can za ka cika fom C100 ka nemi odar hana fita da yaro a ƙarƙashin dokar yara ta 1989. Idan sanar da ɗayan zai sa ya hanzarta guduwa, lauya yana iya roƙon a saurari ƙarar ba tare da an sanar da shi ba. Babbar Kotu kuma tana da jami’inta da ke karɓe fasfo da gano inda yaro yake bisa umarnin alƙali.

Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne fasfo na biyu. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba yaron da aka haifa a waje zama ɗan ƙasa idan ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne. Kana riƙe da fasfon Birtaniya hankalinka kwance, alhali an riga an karɓo masa koren fasfo ko takardar tafiya ta gaggawa. Ka rubuta wa ofishin jakadancin Najeriya a Landan takarda, haɗe da kwafin odar kotu, cewa ba ka yarda a ba yaronka takardar tafiya ba. Odar kotun Ingila ba ta ɗaure ofishin jakadanci, amma takardar da aka karɓa aka buga mata hatimi hujja ce gobe. Ka kuma roƙi alƙali ya ambaci kowane fasfo a cikin odar, na kowace ƙasa.

A Amurka, ofishin kula da al’amuran yara na Ma’aikatar Harkokin Waje yana da shirin da za ka saka sunan yaro, a sanar da kai duk ranar da aka nema masa fasfo. Bayaninsa yana travel.state.gov. Amurka ba ta tantance masu fita yadda take tantance masu shiga, saboda haka sai da odar kotu mai hana fita ƙarara jami’an iyaka za su iya tare yaro.

Jakar takardu

Duk hanyar da za ka bi, takardu iri ɗaya za a nema. Haɗa cikakkiyar takardar haihuwa mai sunayen iyaye biyu, takardar aure ko ta saki, duk odar kotu da aka taɓa bayarwa, wasiƙa daga makaranta mai nuna ranar shiga da ranar da aka daina ganin yaron, wasiƙar likita, da takardar haya ko ta gida. Sai abin da ya fi komai nauyi a shari’ar hutu: tikitin dawowa da saƙonnin da aka ambaci ranar dawowa a ciki. Kada ka tsaya ga hoton fuskar waya kawai, fitar da hirar WhatsApp gaba ɗayanta ka tura wa kanka ta imel, domin ana iya goge saƙo daga can ɓangaren. Saƙon murya na Hausa zai buƙaci fassarar tafinta mai rajista.

Ka kula da bakinka. Ranar da ka tabbata ba za a dawo da yaro ba, aika saƙo gajere a rubuce: ban yarda a riƙe shi a can ba, ina so a dawo da shi ranar kaza. Kalamai irin na kunya da muke yi wa surukai, “ba komai Baba”, “duk yadda kuka gani”, “Allah ya sa haka ne mafi alheri”, lauyan ɗaya ɓangaren zai fassara su ya miƙa wa alƙali a matsayin ka sallama. Gaishe su da ladabi yadda ka saba, amma a kowace magana ka maimaita cewa kana jiran dawowar yaron. Haka in za ka aika kuɗin abinci ko na makaranta, rubuta cewa don lafiyar yaro ne, ba amincewa da zamansa can ba.

Idan ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniya

Nan hanya a share take. Kowace ƙasa tana da ofishin gwamnati guda da aka ɗora wa wannan aiki. Na Ingila da Wels shi ne ICACU, fom ɗinsa yana gov.uk, kuma ba a biyan ko sisi wajen shigar da shi. Ofishin zai tura buƙatarka ga takwaransa a ƙasar da yaron yake. Yarjejeniyar ta sa ran a gama cikin mako shida, in an wuce kana da ikon neman a rubuto dalilin jinkiri. Idan ka shigar da ƙara kafin cikar shekara ɗaya daga ranar da aka ɗauke yaron ko aka ƙi dawo da shi, mayar da yaro shi ne ƙa’ida. Bayan shekara, wanda ya gudu da shi zai iya cewa yaron ya riga ya zauna daram. Sauran hanyoyin kariya kaɗan ne: cewa ka yarda tun farko ko daga baya, cewa mayarwar za ta jefa yaron cikin babban haɗari, ko cewa yaron da kansa ya ƙi kuma ya kai hankalin da za a saurare shi. Shekarar tana ƙirguwa ne zuwa ranar da ƙara ta shiga kotu, ba ranar da ka aika fom ba.

Daga Ingila zuwa Najeriya

Tunda babu yarjejeniya, shari’a biyu za ka yi, kuma ta Najeriya ce mai yanke magana.

A Ingila, lauya zai cika fom C66 ya roƙi Babbar Kotu ta ɗauki yaron ƙarƙashin kulawarta, ta bayyana cewa mazauninsa Ingila ne, ta kuma umarci a dawo da shi. Wannan oda ba ta aiki da kanta a Kano ko Abuja. Amfaninta biyu ne. Idan wanda ya tafi da yaron yana da aiki, gida ko niyyar komawa Ingila, raina kotu na iya jawo masa ɗaurin da ya kai shekara biyu, kuma wannan kaɗai kan sa a dawo teburin sulhu. Na biyu, hujja ce mai ƙarfi a gaban alƙalin Najeriya. Sai dai ka tuna Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sauƙaƙa tantance takardun waje, don haka ka tambayi lauyanka na gida irin hatimin da kotu za ta nema kafin ka aiko da su.

A Najeriya, sai an fara gano kotun da ke da hurumi, kuma irin auren ne ke nunawa. Auren rajista yana ƙarƙashin dokar aure ta 1970, ana kai shi Babbar Kotun jiha, inda sashe na 71 ya sa maslahar yaro gaba da komai. Auren Musulunci kuwa kotun shari’a ce ko kotun yanki, ɗaukaka ƙara kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari’a, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba ta hurumi kan riƙon yara. Akwai kuma dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda sashenta na 27 ya haramta ɗauke yaro daga hannun mai riƙonsa na halal. Ita wannan doka kai tsaye a Abuja take aiki, kowace jiha sai ta yi tata, kuma jihohin arewa da dama sun yi wa nasu gyara. Ka sa lauya ya nuna maka dokar jihar da yaron yake, da idonka.

Iyaye mata da yawa suna tsoron kotun shari’a ba tare da sanin abin da fiƙihu ya ba su ba. A mazhabar Malikiyya, uwa ce ta farko a hadana, wato riƙon yaro: ɗa namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta faɗi, sai kakar wajen uwa, kafin a zo ga dangin uba. Uban da ya ƙwace yaro ya danƙa wa mahaifiyarsa ko amaryarsa bai tsaya kan ƙafa mai ƙarfi ba. Amma akwai abu biyu da lauyansa zai ɗauko. Ɗaya, auren uwa da wani wanda ba muharramin yaron ba yana iya zubar da haƙƙinta. Ɗaya kuma maganar tafiya: malaman Malikiyya sun ce idan waliyyi ko mai hadana zai ƙaura ya zauna a wuri mai nisan buridi shida, wato kusan mil 72, waliyyi yana iya riƙe yaron tare da shi. A shari’ar da uwa ke Ingila uba ke Kano, a kan wannan mas’ala za a fafata. Ki nemi lauyan da ya san littattafan, wanda zai nuna wa alƙali cewa da yardar uban aka zauna can tun asali, shi ne ya sauya magana, kuma raba yaro da uwarsa da makarantarsa cutarwa ce.

Tun zaman farko ka roƙi kotu abu uku na wucin gadi: a hana ɗauke yaron daga garin, a ajiye fasfonsa a kotu, a ba ka damar ganinsa ko magana da shi ta bidiyo a ranaku sanannu. Na ukun nan kada ka raina shi. Yaro ɗan shekara huɗu da ya yi wata takwas bai ji muryarka ba, ranar da alƙali zai gan ku tare zai ɓoye a bayan kakarsa, kuma alƙali zai rubuta abin da ya gani.

In an kai ga sulhu, kada a bar shi a baki ko a takardar da dattawa suka sa wa hannu a zaure. A kai kotun Najeriya ta mayar da shi hukunci, a kai kotun Ingila ta fitar da oda mai kalmomi iri ɗaya. A rubuta ranar tafiya, mai biyan tikiti, mai rakiya, wanda zai riƙe fasfo, da lokutan hutun da yaro zai riƙa zuwa. Ƙungiyar Reunite da ke Ingila ta ƙware a irin wannan sasanci, tana kuma ba da shawara ta waya.

Abu ɗaya da ba za ka yi ba shi ne sake sato yaron, ko biyan wasu su ɗauko maka shi daga makaranta. Za ka iya ƙarewa a hannun ’yan sanda, ka zubar da shari’arka a kotuna biyu, yaron kuma ya sha firgita sau biyu.

Idan akasin haka ne, ko kuma Nijar aka nufa

Wanda aka ɗauke masa yaro daga Najeriya zuwa Ingila yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun Ingila ko da yana gida, ta hannun lauyan can. A hukuncin da kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta yanke a 2005 kan wani yaro da aka kawo daga Saudiyya, ta ce in babu yarjejeniya, maslahar yaron kaɗai ake dubawa, kuma alƙali yana iya umartar a mayar da shi nan take in hakan ne alheri gare shi. Sauri ne makaminka a nan ma.

Tsakanin Najeriya da Nijar kuwa, mota ɗaya ta isa: ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni. Hukuncin kotun Najeriya ba ya zartuwa a Nijar sai kotun can ta duba ta ba shi izinin aiki, kuma sai an fassara takardun zuwa Faransanci. Sau da yawa ya fi sauri ka shigar da sabuwar ƙara a kotun garin da yaron yake, inda ake duba al’amuran iyali bisa al’ada tare da masu ba alƙali shawara, sarakuna kuma suna da hurumin sasantawa. Sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Yamai a rubuce.

Kuɗin lauya

Ingila tana ba duk wanda aka kawo yaronsa ƙasar, ya nemi a mayar da shi ƙarƙashin Yarjejeniyar Heg, lauya kyauta, ba a duba aljihunsa. Wannan gata bai shafi shari’ar Najeriya ba. A irin wannan, a Ingila, dokar tallafin shari’a ta 2012 ta bar ƙofa ga mai son hana fitar da yaro ko dawo da shi, amma za a auna samunka da ƙarfin ƙararka. Ko an ba ka, kuɗin bai ƙetare zuwa lauyan Kano ba, kuma ofishin harkokin wajen Birtaniya ba ya biyan lauya, ba ya ɗauko yaro. Jerin lauyoyi da tuntuɓar hukumomi ne iyakarsa. Amurka kuwa ta keɓe kanta daga sashe na 26 na yarjejeniyar, wato ba ta ɗaukar nauyin lauyan kowa kai tsaye.

A Najeriya akwai Hukumar Tallafin Shari’a ta Ƙasa, bisa dokar 2011, mai ofisoshi a jihohi. An kafa ta don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Shari’ar laifuka ta fi cinye lauyoyinta, saboda haka ka haɗa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Nijar ma tana da hukumar tallafin shari’a ta ƙasa, ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa. Lauya mai zaman kansa kuwa, a rubuta kuɗinsa mataki-mataki, a karɓi rasit.

Shafukan gwamnati da bin sawun hukuma

Iyaye masu neman ’ya’yansu abinci ne ga ’yan damfara. Adireshin gwamnatin Birtaniya yana ƙarewa da gov.uk, na Najeriya gov.ng, na Amurka gov. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike ko mahaɗin da aka turo a Facebook. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mutum don a “buɗe fayil” ɓarawo ne. Shafin gwamnati ma yakan tsufa, lambar waya ta mutu, fom ya canza. Duba ranar sabuntawa, ka adana hoton shafin da kwanan wata.

Kasancewar Najeriya ba ta shiga yarjejeniyar 1980 ba bai wanke hukumominta ba. Ta rattaba hannu a 1990, sannan a 1991 ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sashenta na 11 ya wajabta wa gwamnatoci yaƙi da fitar da yara waje da ƙin dawo da su. Ambaci wannan sashe a takardarka. Kowace takarda ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ka rubuta sunan ofishin da lambar fayil. In an yi shiru, dokar ’yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar bayani a rubuce, in ta ƙi kana da kwana 30 ka kai ta kotu. Ka tambayi abu takamaimai: wace rana aka ba yaro fasfo, da takardar yardar wa. Sakacin ma’aikata kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama’a ake kai wa.

A Ingila wa’adin amsa irin wannan buƙata kwana 20 ne na aiki. In an hana ka tallafin lauya, wasiƙar hanawar tana ɗauke da wa’adin neman a sake dubawa, kuma gajere ne, don haka ka buɗe ta ranar da ta iso. In ka bi matakan ƙorafi na ma’aikatar har ƙarshe ba a gyara ba, ɗan majalisar mazaɓarka ne zai miƙa ƙorafin ga mai binciken koke na majalisa. Ka je ofishinsa da shafi ɗaya tak: sunan yaro, ranar fita, ranar da aka yi alkawarin dawowa, ofisoshin da ka rubuta wa, da ranar da kowannensu ya karɓa.